Na'urar tatsar nono da kuɗin asibiti: abin da tsarin lafiya ya ɗauke wa mai ciki da mai jego a Damargu, da abin da ya bar mata

Na'urar tatsar nono, wadda ungozomomin asibiti da masu farmasi suka fi sani da sunanta na Faransanci, tire-lait, ƙaramar na'ura ce da uwa ke kafawa a kan mama ta zuƙo nono zuwa cikin kwalba, domin a bai wa jariri daga baya ko kuma lokacin da ba ya iya kama mama da kansa. A Amurka da Faransa inshorar lafiya ce ke biyan kuɗinta. A Nijar ba ta cikin jerin abubuwan da gwamnati ta ce kyauta ne ga mace mai ciki ko mai jego, kuma a gundumomin Tanut da Belbeji mata da yawa sun yi goyo biyar, shida, ba su taɓa ganinta ba. Amma tambayar da ke ƙarƙashin wannan batu ta shafi kowane gida a Damargu: daga awon ciki zuwa yaye, mene ne ake biya wa uwa, mene ne kuma ke fita daga aljihun maigida?

Wace irin na'ura ce

Iri uku aka fi samu. Akwai ta hannu, mai mariƙi da uwa ke dannawa tana saki, ba ta buƙatar wuta. Akwai mai aiki da wutar lantarki ko batir, wadda wata kan tatsi mama ɗaya, wata kuma biyun a lokaci guda. Sai babbar ta asibiti, wadda ake ajiyewa a sashen jarirai, mata da dama su yi amfani da injin ɗaya amma kowace da nata mazurari da kwalba.

Akwai kuma wata tsohuwar samfur mai ƙwallon roba a gindi, kamar hon ɗin keke, wadda har yanzu takan ɓullo a kasuwa saboda arha. Littattafan horar da ma'aikatan lafiya na Hukumar Lafiya ta Duniya, OMS, sun daɗe da hana tara nonon jariri da ita, domin nono kan maƙale cikin robar, ba a iya wanke ta sosai, ƙwayoyin cuta su samu gida.

Yadda ta shiga inshora a wasu ƙasashe

A Amurka, dokar inshorar lafiya da shugaba Barack Obama ya sa wa hannu a 2010 ita ce ta tilasta wa yawancin kamfanonin inshora biyan kuɗin na'urar da na mai koyar da shayarwa, ba tare da uwa ta ƙara ko sisi ba, kuma wannan sashe ya fara aiki a watan Agusta 2012. Dalilin ba ɓoyayye ba ne. Dokar tarayyar Amurka ba ta ba mai jego hutun haihuwa da albashi ba. Abin da dokar 1993 ta tanada shi ne mako 12 ba biya, shi ma ba ga kowace ma'aikaciya ba. Saboda haka mata da yawa kan koma aiki jariri bai yi wata biyu ba, sai na'urar ta zama ita ce igiyar da ke haɗa uwa da ɗanta. A Faransa hutun haihuwar fari mako 16 ne da biya, kuma asusun inshorar ƙasa na mayar da kuɗin hayar na'urar idan likita ko ungozoma ta rubuta ta a takardar magani.

Wato a can na'urar amsa ce ga rabuwar uwa da jariri da aikin ofis ko na masana'anta ke haddasawa. A Damargu mafi yawan jarirai a bayan uwa suke kwana su wuni, a gona, a bakin rijiya, a kasuwa. Matsalarmu wata ce daban.

Damargu a taswirar lafiya

Tanut na kan hanyar Damagaram zuwa Agadas, tazarar kilomita kusan 150 arewa da birnin Damagaram. Gundumar ta ƙunshi ƙananan hukumomin Tanut, Gangara, Falanko, Olelewa da Tenhiya. Belbeji kuwa an ɗaga ta zuwa gunduma a 2011, da ƙaramar hukuma ɗaya, Tarka. Ƙidayar 2012 ta samu mutane sama da dubu 400 a Tanut, kusan dubu 100 a Belbeji, kuma tun daga nan jama'a sun ƙaru ƙwarai. Dagirawa, Hausawa, Buzaye, Fulani da Larabawa ne ke zaune tare, wasu kan noman gero, wasu kan kiwo, da yawa kuma duka biyun.

Kowace daga cikin gundumomin biyu tana da hukumar lafiyarta a ƙarƙashin ofishin lafiya na jiha. Matakan sanannu ne: ƙaramin ɗakin shan magani na ƙauye, sai cibiyar lafiya da kowa ke kira CSI, inda majo ke shugabanci, sai asibitin gunduma. Abin da ya fi ƙarfin nan a tura Damagaram, ko dai cibiyar uwa da yaro, CSME, ko babban asibitin ƙasa. A kudancin yankin, wajen Bakin Birji da Sabon Kafi, garuruwa na kusa da juna kuma kwalta na taimakawa. A arewa, wajen Tenhiya, inda makiyaya ke bin ciyawa da damina, tsakanin rugga da CSI kan zama tafiyar wuni a kan amalanke ko raƙumi. Duk wata magana ta kyauta ko ta inshora sai an auna ta da wannan nisa, domin ba wata doka da ke biyan kuɗin babur ɗin da ya ɗauko mai naƙuda daga daji.

Kulawa kyauta: abin da ke ciki

Kafin a zo ga kyauta an yi zamanin biya. Bayan shirin Bamako na 1987, Nijar ta kafa doka a 1995 wadda ta sa marar lafiya ya riƙa ba da wani abu a cibiyar lafiya, kwamitin gari, COGES, na kula da kuɗin yana sayo magani. Tsarin ya sa magani ya samu a kanta, amma ya kori talaka, musamman mata da yara.

A zamanin shugaba Tandja Mamadou aka sauya hanya. A ƙarshen 2005 aka ayyana fiɗar haihuwa kyauta. A 2006 aka ƙara da awon ciki, da tsarin tazarar haihuwa, da maganin yara 'yan ƙasa da shekara 5. A 2007 aka haɗa da cutar daji ta mata, ta mahaifa da ta mama. Wannan jeri shi ne inshorar da mafi yawan matan Damargu suka sani, ko da ba su kira shi da wannan suna ba. Mace ba ta yanki kati ba, ba ta zuba kuɗi duk wata ba. Cikin da take ɗauke da shi ko shekarun ɗanta su ne shaidarta.

Yadda aka tsara abin, cibiya ta yi aikin, ta rubuta takardar kuɗi, gwamnati ta mayar mata. A nan gizo ke saƙa. Shekaru da dama biyan na zuwa a makare, bashi ya taru, kuma masu bincike na cibiyar LASDEL da ke Yamai, irin su Jean-Pierre Olivier de Sardan, sun rubuta yadda hakan ke ƙarar da magani a kantocin CSI a faɗin ƙasa. Sakamakon ga uwa shi ne ganin likita kyauta ne, amma a miƙo mata takarda ta je farmasi ta sayo. Don warware wannan ne aka kafa hukumar INAM, wadda aikinta shi ne tantance takardun da biyan cibiyoyi a madadin gwamnati.

Abin lura a cikin jerin nan shi ne wanda aka manta. Shekaru kusan 18 haihuwa ta lafiya, wadda ba a yi fiɗa ba, ba ta cikinsa a matakin ƙasa: awon ciki kyauta, fiɗa kyauta, amma haihuwar kanta da kuɗi. Sai a watan Agusta 2024 gwamnatin Janar Abdourahamane Tiani ta yanke rage rabin kuɗin ganin likita, gwaje-gwaje, kwanciya da sauran ayyuka a asibitocin gwamnati, ta kuma mayar da haihuwa kyauta, daga ranar 1 ga Satumba 2024. Ga yankin da mata da yawa ke haihuwa a ɗaki, wannan ba ƙaramin abu ba ne, domin a sa'ar farko bayan haihuwa ake aza harsashin shayarwa, kuma wadda ta haihu gaban ungozomar da aka horar ta fi samun wanda zai ɗora mata jaririn a ƙirji nan take.

Amma har yanzu akwai gurbi. Jariri na cikin kyauta har ya cika shekara 5. Uwar da ke shayar da shi kuwa, da zarar ta sauka, ta koma layin manya. Idan mama ya kumbura ya yi ja, zazzaɓi ya rufe ta, ganin likita da maganinta na cikin abin da ake biya, ko da an rage. A ganina wannan ya fi rashin na'ura muhimmanci nesa ba kusa ba: ciwon mama na cikin abubuwan da ke sa a cire yaro daga nono kafin lokaci, kuma yaron da aka cire a wata na biyu shi ne gobe za a kwantar a sashen tamowa, inda kuɗin da gwamnati za ta kashe ya ninka na maganin uwar sau da yawa.

Ma'aikata da masu albashi

A Nijar waɗanda ke da inshorar lafiya ta gaskiya, mai kati da zubi, ba su kai kashi 5 cikin 100 ba, kuma sama da kashi 40 na duk kuɗin da ake kashewa kan lafiya daga aljihun iyalai yake fitowa kai tsaye. A Damargu masu albashi 'yan kaɗan ne: malaman makaranta, ma'aikatan lafiya, na ofishin farefe da na magajin gari, jami'an tsaro, ma'aikatan ƙungiyoyin agaji, sai na matatar mai ta SORAZ da aka buɗe a 2011 a ƙaramar hukumar Olelewa.

Ma'aikacin gwamnati da iyalinsa, gwamnati na ɗaukar kashi 80 cikin 100 na kuɗin kwanciya da gwaji a asibitocinta, idan ya kawo takardar da ofishinsa ya sa wa hannu. Wannan bai shafi kayan da ake saye a farmasi irin na'urar tatsa ba.

Ma'aikaciyar kamfani ko ƙungiya kuwa tana ƙarƙashin asusun CNSS. Mutane da yawa na ɗauka CNSS inshorar lafiya ce, alhali rassanta uku ne: tallafin iyali, hatsarin aiki, da fansho. A reshen iyali ne ake samun kuɗin ciki, wanda sai an nuna shaidar zuwa awo, da kuɗin haihuwa, da kuma rabin albashi lokacin hutun haihuwa. Kuɗi ne a hannu. Abin da uwa ta ga dama ta saya da su, har da na'ura, ruwanta. Wasu kamfanoni da ƙungiyoyi kan ƙara da sayen inshora daga kamfanoni masu zaman kansu. A nan abin da kwantaragi ta rubuta shi ne doka, don haka mai ciki da ke da irin wannan kati gara ta nemi jerin kayan da ake mayar da kuɗinsu tun kafin ta haihu, ta kuma sa likita ya rubuta na'urar a takardar magani, ta adana rasiɗi. Ba a mayar da kuɗin abin da ba shi da takarda.

Abin da ya fi na'ura amfani ga ma'aikaciya yana cikin dokar ƙwadago ta 2012. Dokar ta ba ta hutun mako 14, takwas daga ciki bayan haihuwa, kuma ba a korar ta saboda ciki. Bayan ta koma, tana da haƙƙin hutun shayarwa har sa'a ɗaya a kowace ranar aiki, tsawon wata 12 daga haihuwa. A gari kamar Tanut ko Belbeji, inda gida da wurin aiki ba su da nisa kuma galibi akwai yarinya mai reno da ke biyo uwa da jariri, sa'ar nan ɗaya ta isa a shayar sau biyu. Sai dai a yi lissafi: mako takwas bayan haihuwa wata biyu ke nan, shawarar likitoci kuwa nono zalla wata shida. Wata huɗun da ke tsakani su ne inda ma'aikaciya ke buƙatar ko dai jariri kusa da ita ko kuma ta iya tatsa ta bari.

Su kuwa asusun taimakon juna na lafiya, waɗanda doka ta amince da su tun 2008, da gwajin inshorar gunduma da aka fara a Gaya da Gotheye, an gina su ne kan biyan ganin likita da magani a cibiyoyin gwamnati, ba kan kayan amfanin gida ba.

Wa ke buƙatar tatsa

Yawancin mata ba sa buƙata. Jariri mai lafiya da ya kama mama daidai ya fi kowace na'ura iya zuƙo nono, kuma yawan tsotsonsa ne ke sa nonon ya ƙaru. Masu buƙata ta gaskiya su ne uwar bakwaini ko jaririn da aka haifa da nauyi ƙasa da kilo biyu da rabi wanda ba shi da ƙarfin tsotso. Uwar da aka kwantar da ɗanta a asibiti ana ba shi abinci ta siririn tiyo a hanci. Uwar jaririn da aka haifa da tsagaggen leɓe ko ganɗa. Wadda mama ya cika ya yi tauri har jariri ya kasa kamawa. Sai wadda aiki ko jarrabawa za su raba ta da ɗanta na wasu sa'o'i.

Ga uwar bakwaini lokaci na da muhimmanci. Ana so ta fara tatsa cikin sa'o'in farko bayan haihuwa, ta riƙa yi aƙalla sau takwas a dare da rana, ko da ɗigo kaɗan ke fita, domin maman da ba a taɓa shi kan ɗauka ba a buƙatarsa, ya janye. A nan ne na'urar lantarki ke da amfani na gaske, kuma wurinta shi ne sashen jarirai na asibitin gunduma da na jiha. Idan akwai kuɗin da za a kashe kan na'ura a Damargu, a nan ya kamata su tafi: inji biyu ko uku a asibiti, da wutar sola da ruwan wankewa, sun fi kwali ɗari da za a raba gida-gida a ƙauyukan da ba su da wuta.

A cibiyoyin farfaɗo da yara masu tamowa mai tsanani, CRENI, akwai wata dabara ga jarirai 'yan ƙasa da wata shida waɗanda nonon uwarsu ya ragu. Ana liƙa siririn tiyo a kan mama, ɗaya bakin yana cikin kofi mai madarar magani, jariri na tsotson mama yana samun madarar. Tsotson ne ke tayar da nonon, a hankali a rage madarar har uwa ta ci gaba ita kaɗai. Wannan aiki na cikin kulawar da ba a biya, kuma ya nuna cewa nonon da ya ƙafe yana iya dawowa.

Tatsa da hannu

Hanyar da OMS ta fi ba da shawara a wurare irin namu ba ta buƙatar sayen komai, kuma mutanen da suka tashi cikin awaki da shanu ba baƙi ba ne ga aikin, ko da yake hannun ya bambanta. Uwa ta wanke hannu da sabulu. Ta samu kofi mai faɗin baki, ta wanke shi, ta zuba tafasasshen ruwa ta bar shi 'yan mintoci ta zubar. Ta zauna inda hankalinta ke kwance, jariri kusa in da hali, ta ɗora tsumma mai ɗumi a mama, ta shafa a hankali daga sama zuwa ƙasa. Sai ta ɗora babban yatsa a saman baƙin da ke kewaye da kan mama, manuniya a ƙasa, ta danna ciki wajen ƙirji, ta matse ta saki, ta matse ta saki. Ba a jan kan maman, ba a murza fata, kuma bai kamata a ji zafi ba. In da zafi, yatsun ba su zauna daidai ba. Ta riƙa zagayawa da yatsun, bayan minti uku zuwa biyar ta koma ɗaya maman, ta sake dawowa. Aikin kan ɗauki minti 20 zuwa 30. A kwanakin farko, lokacin dakashi, hannu ma ya fi na'ura, domin ɗigon kaɗan ne mai kauri, a cikin kwalba sai ya ɓace a bango. Da cokali ake tarbarsa.

Ungozomar CSI da matan da aka horar a ƙauyuka don wayar da kai su ne ya kamata su nuna wannan, kuma lokacin da ya fi dacewa shi ne awon ciki na ƙarshe, ba ranar da mama ya riga ya kumbura uwa na kuka ba.

Ajiya a ƙasa mai zafi

Alƙaluman da ake rubutawa a kwalin na'ura sun ce nonon da aka tatsa na iya zama sa'a huɗu a ɗaki, kwana huɗu a firiji, wata shida a ƙanƙara. Sai dai ɗakin da suke nufi mai zafin digiri 25 ne. A Tanut, a watannin Afrilu da Mayu, zafi na wuce digiri 40 a inuwa. Don haka a rufe kofin, a ajiye shi wuri mafi sanyi a gidan, kamar cikin kwano mai ruwa kusa da randa, a kuma ba da shi da wuri, kada a jira sa'a huɗun. Mai firiji kuma ta tuna da ɗaukewar wuta. Nonon da ya yi sanyi a ɗumama shi ta hanyar sa kofin cikin ruwan ɗumi, ba a kan wuta ba. Abin da jariri ya rage a zubar.

Da kofi ko cokali ake ba shi, ba da bibiro ba. A riƙe jariri a zaune, a jingina bakin kofin a leɓensa ya riƙa lasa da kansa, kada a ɗura. Bibiro na da wuyar wankewa inda ruwa ke tsada, kuma yana koya wa jariri wani irin tsotso da kan sa ya ƙi mama. Ga wani tarko da ya kamata mai saye ta sani: na'urori da yawa da bibiro da robar baki suke zuwa cikin kwali ɗaya, kuma daga bibiro zuwa madarar gwangwani taki ɗaya ne. Tun 1981 majalisar OMS ta amince da ƙa'idar hana tallar madarar jarirai, bibiro da robar baki ga iyaye mata, kuma ba a yarda a raba su kyauta a asibiti ba.

Inda matsalar take

Kusan kowace uwa a Nijar na shayarwa, kuma na dogon lokaci. Shekara biyun da addini ya ambata ba baƙon abu ba ne a nan. Abin da ya yi ƙaranci shi ne nono zalla. Binciken ƙasa na 2012 ya samu kashi 23 cikin 100 kacal na jarirai 'yan ƙasa da wata shida ke kan nono kaɗai, ko da yake hakan ci gaba ne kan kashi 14 na 2006. Abin da ke shiga tsakani shi ne ruwa. A ƙasar da babba ba ya iya sa'a ɗaya bai sha ba, da wuya a gamsar da kaka cewa jinjiri ba ya jin ƙishirwa. Amma fiye da kashi 80 cikin 100 na nono ruwa ne, kuma ruwan rijiya ko na tabki da ake ɗura wa jariri shi ke kawo zawo, ya kuma cike ɗan cikin da ya kamata nono ya cika. Wannan ne ya sa UNICEF da OMS suka ƙaddamar da gangami a yammaci da tsakiyar Afirka a 2019 kan nono kaɗai ba ruwa.

Sai dakashi, wanda a wasu gidaje har yanzu ake matsewa a zubar ana jiran farin nono, a ba jariri ruwan sukari, jiƙo ko nonon akuya. Dakashin nan shi ne rigakafin farko. Akwai kuma gwajin nono da tururuwa: a tatsa a ƙoƙo a jefa ta, in ta mutu a ce nonon ba shi da kyau, a hana yaro. Abin mamaki a nan shi ne gwajin kansa shaida ne cewa tsofaffi sun iya tatsa da hannu tun kafin a ƙera na'ura. Abin da ake nema kawai shi ne ƙoƙon ya nufi bakin jariri.

Tunda yanke shawara a gida ba na mai jego ba ne ita kaɗai, wayar da kai da bai kai ga miji da uwar miji ba bai je ko'ina ba. Makarantar mazaje, wadda aka fara a jihar Damagaram da tallafin UNFPA kafin ta bazu zuwa wasu jihohi, an kafa ta ne kan wannan fahimta.

Nonon wata ga ɗan wata

Idan uwa ta rasu ko ta kwanta ciwo, al'ada ita ce wata 'yar uwa ta karɓi shayarwa, kuma likitoci sun fifita hakan a kan madarar gwangwani muddin an duba lafiyar mai shayarwar, musamman gwajin cutar SIDA. Tatsa ta ƙara wata fuska ga batun. A mazhabar Malikiyya da ake bi a yankin, nonon da ya isa cikin jariri na ƙulla 'yan uwantakar shayarwa ko ta mama ya sha ko ta kofi, komai ƙanƙantarsa, kuma wannan na haramta aure tsakanin yaran. Shi ya sa a ɗakin jarirai na asibiti, inda kofuna ke jere, rubuta sunan kowace uwa a nata kofin ya zama wajibi ta fuskar lafiya da ta addini. Idan kuma da gangan aka ba jariri nonon wata, a sanar da dangin biyu, a kuma samu wanda zai riƙe maganar.

Wadda ta yanke shawarar saye

A manyan farmasi na Damagaram da Yamai aka fi samun na'urar, wasu kuma daga Kano ake kawo musu. Ga mai zama inda wuta ba ta tsayawa, ta hannu mai mariƙi ta fi. A duba cewa duk sassan da nono ke taɓawa na kwancewa a wanke, a kuma duba faɗin mazurarin, domin wanda ya matse kan mama na ji masa ciwo. Bayan kowane amfani a wanke da sabulu da ruwa mai tsabta, a tafasa sassan sau ɗaya a rana, a bar su su bushe a rufe daga ƙura da ƙuda. Ba a aron ta hannu tsakanin mata. Idan kuma mama ya yi ja, ya yi zafi, ga zazzaɓi, na'ura ba magani ba ce: a ci gaba da ba jariri wannan maman, a tafi CSI a ranar.